Batiri Shida a Rikodar Mordecai

A bugu na uku sakatar ta karye, Emenike kafinta ya faɗa ɗakin da kafaɗa, Winifred na bayansa da ludayi a hannu. Maƙwabcinsu Mordecai na kwance a ƙasa tsakanin kwalayen faya-fayansa, hannu ɗaya a ƙirji. Rikodarsa tana ta gurnani a kan tebur.

"Yesu!" in ji Emenike. Ya taɓa wuyan Mordecai, ya janye hannu da sauri, ya dubi Winifred. "Maman Christabel, ya tafi fa."

Ludayin ya faɗi. Ko kuka Winifred ta kasa yi.

Shekara shida bango ɗaya ne tsakaninta da Mordecai a gidan hayar nan na Samaru. Sana'ar Mordecai ita ce ya je Sabon Gari ya kwaso tsofaffin faya-fayan kiɗan soul da funk na baƙaƙen Amurka, ya rage musu gudu har muryar mace ta koma ta ƙaton namiji, ya naɗa a kaset. Ɗaliban jami'a rububinsu suke yi. Ita kuwa Winifred cewa take yi kiɗan kamar kukan saniya mai ciwon ciki.

"Yaya, ba ki san daɗi ba," yakan ce yana dariya. "Waƙa ma tana so ta huta."

Ran nan tun safe aka ɗauke wuta. Wajen ƙarfe goma ta dawo daga cefane ta tarar kiɗan yana ja, yana ƙara ja. Kaset ya ƙare, rikodar ta juya shi da kanta, ya sake kamawa. Ta daki bango.

"Mordecai! Na yau ya yi yawa! Ka ji tausayin kunnenmu mana!"

Shiru. Ta yi tsaki ta koma girkinta. Sai da yamma ta yi, ta ga ko ɗiban ruwa bai fito ba, ta kira Emenike.

Bibiana, nas ɗin da ke gidan gaba, ta duba shi ta ce zuciya ce. "Da alama tun safe ya faɗi, kuma ya jima da rai. Da an kai shi asibiti da wuri..." Ba ta ƙarasa ba.

Maganar nan ta hana Winifred sakat. In kaset ɗin irin nasa ne mai ja, ba wanda zai iya ganewa, ba ta da laifi. In kuwa batiri ne ke mutuwa, to Mordecai mai lafiya ba zai taɓa barin waƙa ta lalace haka ba, kuma da kunnenta ta ji, ta yi tsaki.

Bayan jana'iza, ƙanwarsa Hephzibah ta zo daga Jushi kwashe kaya. Winifred ta roƙe ta rikodar.

"Ke da ba kya son kiɗansa, Mama?"

"Ki dai ba ni, 'yata."

Ta rufe ƙofarta, ta sa sababbin batiri shida, ta danna. Kiɗa ya ɓarke da gudu, ganga da ƙaho, muryar mace siririya tar. Mordecai bai rage wa wannan kaset ɗin gudu ba tukuna.

Ta kashe rikodar. Ta jingina da bangon nan, tsofaffin batirin shida a cinyarta.