Rezar Marka

"Saki jikinki, Taibatu. Ja numfashi har cikinki ya taso."

Ina! Jikin da ya shekara a ɗaure ne zai saku yau? Taibatu ta runtse ido a kan gadon asibiti a Talata Mafara, Hamdiyya likitar gashin ƙashi tana danna mata ƙasan mara a hankali. Zafi ya tsarga mata har gadon baya.

"An sake gwada fitsarinki, tas yake, babu ƙwayar cuta," in ji Hamdiyya. "Naman ƙugunki ne ya ɗaure. Kina riƙe fitsari?"

Taibatu ta sunkuyar da kai. A gidansu na Birnin Tudu sai an bi ta gaban rumfar surukinta ake zuwa bayi, tsohon kuwa ba ya gusawa daga hantsi har la'asar. Wace mai kunya ce za ta ratsa gabansa da buta?

"Ki daina riƙewa. Ki riƙa zuwa duk Talata, sannu a hankali zai saki. Amma kar ki yarda kowa ya sa miki ƙarfe."

Taibatu ta tuna abin da ke jiran ta a gida. Inna, uwar mijinta, ta riga ta yanke magana: in asibiti ba su ga komai ba wannan karon, to ciwon gishiri ne, Marka ungozoma za ta yanke shi. Taibatu kuwa ta san Hindatu maƙwabciyarsu. Tun ranar da aka yi mata yankan, fitsari ke bin ƙafarta.

Da Taibatu ta koma gida, tun daga zaure ta jiyo ƙamshin bagaruwa a wuta, ruwan da ake zaunar da mace ciki bayan yanka. Ga sabuwar tabarma a ɗakin Inna, ga Marka zaune a kai tana warware reza daga takarda.

"Sannu da hanya, ɗiyata," Inna ta ce, da tausayi har cikin ranta. "Mi likita ta ce?"

Taibatu ta dubi Inna. Matar nan ba ta taɓa cutar ta ba, ita ma ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

"Sun ga cuta, Inna. Da yawa ma. Sun ce in riƙa komawa duk Talata."

"Alhamdu lillahi, an gano!"

Marka ta daɗe tana kallon Taibatu. Sannan ta naɗe rezar, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Allah shi ba da lafiya," ta ce. "Ni dai ina nan."