Gwamen Motar Sodangi

Tun ranar da Sodangi ya sayi motarsa, babu hannun da ya taɓa cikinta sai na Gajere, kuma kowa a tashar Kankia ya san haka. Sodangi direba ne, mutumin Kusada, yana jigilar mutane da buhuna tsakanin garinsu da Kankia. Gajere kuwa bakanike ne, rumfarsa na bayan tasha. Tare suka tashi tun suna yaran mota. Gajere ba ya cewa "motar Sodangi", sai dai "motarmu", alhali ko madubinta bai saya ba.

Ciwo ɗaya ne ya gagare shi a jikinta. Lodi ya zaunar da bayanta, ƙafafun baya suka yi gwame, sama ya shige ciki, ƙasa ya buɗe waje. Sabuwar taya ba ta daɗewa sai ka ga gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo, gefen waje kuwa kamar ba a taɓa takawa da shi ba. Babu abin da Gajere bai yi ba. Ya cusa roba a sifirin. Ya sa mai faci ya riƙa juya tayoyin. Ya gasa ƙarfen da ke riƙe da ƙafar da wuta, ya daka shi da guduma, ya ja zare daga gaba zuwa baya ya kanne ido ɗaya ya auna. Motar takan miƙe na ɗan lokaci, sannan ta koma gwamenta.

Ana cikin damina sai ga Okon ya buɗe shagon kayan mota a bakin titin Katsina. Mutumin kudu ne, mai fara'a, ga Hausa a bakinsa har da zolaya. Ba sayarwa kawai yake yi ba, yana ɗaurawa da kansa. Shi ya zo da wani irin hannun ƙarfe mai riƙe ƙafar baya, shuɗi mai sheƙi, wanda ba a gasawa ba a dakawa. A tsakiyarsa akwai wurin kama sifana. In ka juya nan ya ƙara tsawo ya tura kan tayar waje, in ka juya can ya rage. In ƙafa ta miƙe sai a ɗaure noti biyu su kulle shi.

A bakin mai shayi Gajere ya ji cewa an ga motar Sodangi a kan jak a ƙofar Okon. Ya ce ƙarya ne. Bai gama rufe baki ba motar ta wuce ta gabansu, ƙafafunta na baya a tsaye cak. Shayin nan bai ƙara shiga cikinsa ba.

Da a ce aikin ya ɓaci, da Gajere ya sami abin riƙewa. To, bai ɓaci ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ga shi Sodangi bai iya yin shiru ba. Ya zo rumfar yana washe baki.

"Gajere, ka ga ƙahwar motarmu kau? Tsaye take kamar soja!"

"Na gani," in ji Gajere, bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. "Motarka dai."

"Kai mutumina, mi ya yi zahi? Ai abin ga kai ma sai ka so shi. Sifana kawai shika so."

"Allah shi bar ku tare."

Sodangi ya ɗauka zolaya ce, ya yi dariya ya tafi lodi. Daga nan kuma sai ya zama kusan duk shigowarsa Kankia sai ya tsaya wurin Okon. Daga rumfar Gajere ana hango shagon in an leƙa ta gefen katangar tasha, kuma Gajere ya leƙa har wuyansa ya gaji. Yakan ga su biyun a tsugune a bayan motar, Okon yana nuna wani abu da yatsa, Sodangi yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Wata rana har ya ga suna cin gasasshiyar masara tare. Kishi ne ya kama shi, irin wanda babba ba ya iya faɗa wa kowa, don in ya faɗa dariya za a yi masa.

Matarsa Lami ce kaɗai ta gane. Ta ga ya ture tuwo ya ce miyar ba gishiri.

"Malam, gishirin miyar ga lahiya lau yake," ta ce. "In Sodangi ne, ka same shi ku yi magana mana."

"Wa ya ce maki Sodangi ne? Ina ruwana da inda mutum ka kai motarshi?"

Ta ɗauke kwanon.

Damina na shirin ɗaukewa, ramin hanya ya fasa wa motar salansa. Wannan kam aikin walda ne, kuma a duk Kankia babu mai hannun Gajere a walda. Sodangi ya kawo ta da hantsi, ya ce zai hau babur ya je suna Kafinsoli, sai bayan la'asar zai dawo.

Gajere ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi. Bai daɗe ba ya ɗinke salansar. Da ya juya kai, sai ga su nan dab da hancinsa, shuɗayen hannuwan Okon guda biyu, laka ta ɗan taɓa su amma suna sheƙinsu. Ya kai yatsa ya shafa. Aikin ya yi kyau, ba inda zai kushe. Tsoffin ƙarafan da ya sha gasawa, waɗanda ya san kowane lanƙwasa a jikinsu, an cire an yar, ko a tambaye shi.

Akwai wata al'ada ta masu gyaran motocin ƙauye. Duk notin da ake tsoron gargadar hanya za ta kwance shi, sai a ɗiga masa walda a huta. Gajere ya yi wa motar nan haka a wurare da yawa, Sodangi kuma kullum godiya yake yi. Don haka da ya ji zuciyarsa tana raya masa abin, bai rasa hujja ba. Hanyar Kusada ba ta barin noti. In wannan ya kwance da mutane a ciki fa? Amma can ƙasan ransa ya san lissafin da yake yi daban ne: abin da ba ya juyuwa, ba a komawa wurin mai juya shi.

Ba ɗigo ya yi ba. Ya bi noti ya zagaye, ya bi wurin kama sifana ya haɗe shi da jikin ƙarfen, dama da hagu. Shuɗin fentin ya ƙone ya yi baƙi. Ya debi laka ya shafe wurin. Da Sodangi ya dawo ya ji salansa ta yi shiru, har da dafa masa kafaɗa.

Kwanakin da suka biyo baya Gajere ya ci tuwonsa sosai. Motar ba ta ƙara tsayawa a ƙofar Okon ba, shi kuma ya ɗauka aikinsa ne ya ci.

Da kaka ta kama, gero ya fara fitowa daga ƙauyuka, Sodangi ya shigo da safe da buhuna har saman but. Bai tsaya tasha ba, kai tsaye ya zo rumfar. Bayan motar ya zauna, ƙafafun sun soma komawa gwame.

"Ɗauko zarenka da sifana," ya ce yana fitowa. "Yau ranarka ce."

Gajere ya tsaya yana kallonsa.

"Okon ya saita ta a kan lodin damina, mutane zalla. Ya ce in buhu ya zo sai an ƙara mata tsawo, kuma da lodin a kai za a auna. Ka ga jelen da na yi ta yi wurinshi? Koyo nike, don in zo in nuna maka. Shi kanshi ya ce ba ya da idon zare, na ce mashi ni ina da mai ido. Daga yau kai za ka riƙa juya mana ita, rani da damina."

Gajere ya juya wajen kayan aikinsa. Ya ɗauko sifanar, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Sodangi ya riga shi kwanciya a kan kwalin yana murna.

"Zo ka gani, nan za ka kama, sai ka sassauta wannan..."

Maganar ta tsaya. Gajere yana jin ƙarar farce yana kankare busasshiyar laka. Aka daɗe. Sannan Sodangi ya fito a hankali, ya zauna a ƙasa, ya dubi yatsunsa.

"Waldar ga ta yi kyau," ya ce. "Na san hannun."

"Hanyar Kusada..." Gajere ya fara. "Na ji tsoron kada noti shi kwance."

"In don noti ne, ɗigo guda ya isa, Gajere. Kai ka koya mani haka."

Gajere ya ajiye sifanar a ƙasa.

"A iya yankewa?" in ji Sodangi.

"Ba a iyawa. Ta shiga cikin ƙarhen."

Sodangi ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma Gajere ya so a ce ya yi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga mota ya tayar. Sai da ya sa giya sannan ya leƙo.

"Wurin mutum guda ake samun irinsu a garin ga," ya ce. "Sai an jima, Malam Gajere."

Tun da suke, bai taɓa ce masa Malam ba.