Kan Jirgin Rake

Tun farkon damina Piyali Kundu da yayanta Subir ba su yi wata magana mai daɗi ba. Ɗan shagon da suka gada a garin Howrah, inda suke ƙera ƙananan jiragen ƙasa na tagulla don masu sha'awar tarawa, ba ya iya fitar da sabon samfuri sai guda a shekara. Subir ya kafe a kan babban kan jirgin nan mai tauraro a hanci, wanda kowa ya sani. Ita kuwa ranta na kan wani ɗan ƙarami mai cin kwal, da ya ƙare rayuwarsa yana jan rake zuwa wata masana'antar sukari da ta daɗe da rufewa. Babu zanensa ko'ina, kuma shi kaɗai ya rage a irinsa.

Ranar da mai sassaƙa musu mazubin zuba tagulla zai zo jin wanda suka zaɓa, aka bugo mata waya cewa 'yan gwangwan sun saye ƙaramin jirgin, yau za su yanka. Ko shayinta ba ta shanye ba ta suri tef ɗin awo ta fita.

Ta tarar har sun sauke rufin ɗakin direba. Maigidansu, Nurul Mondal, na tsaye yana tauna ganyen pan, mai rina baki ja kamar goro.

"Didi," ya kira ta da yarensu, wato Yaya, "matsa baya. Wutar yankan nan ba ta san mace ba."

"Ka ba ni zuwa azahar, don Allah."

"Motar ɗauka na hanya. Jirgin ubanki ne?"

"To ku fara ta baya, ni in fara ta gaba."

Ya dube ta, ya tofar da jan yawu. "Kowa ya riga isa tsakiya, nasa ne."

Ta haye. Ta auna bututun hayaƙi, ta auna tukunyar tururi, tana ɗaukar hoto, tartsatsi na zuba a bayanta. Ƙarfen ya yi zafi, tef na zame mata saboda gumi. Sai ga kiran Subir.

"Kina ina? Mai mazubin nan ya shanye mana shayi ya cinye biskit. In ban gan ki ba, mai tauraro zan ba shi."

"Yaya, mutum nawa suka riga mu yin mai tauraro? Wannan in ya tafi, ya tafi ke nan."

"Wa zai sayi akwalar da ko suna ba ta da shi?" Ya kashe.

Saura tsakanin ƙafafun jirgin, kuma ba a auna shi sai daga ƙasa. Masu yanka sun kusa tsakiya. Ta tattare zaninta ta rarrafa ciki, ba wanda ya lura. Tana miƙa tef ta ji ƙarfe ya yi wani irin nishi a kanta. Gindin jirgin ya rabu, gangar jikin ta sunkuyo, tsatsa ta zubo mata a fuska. Ta nemi ja da baya, hannunta ya maƙale.

"Kashe! Kashe wutar!" Nurul ne, ya hango tafin ƙafarta.

Da ƙyar suka ɗaga gangar jikin da sandar ƙarfe suka jawo ta. Jini na bin gwiwar hannunta, amma tef na nan a dunƙule. Nurul ya yi ta zagi har ya gaji. Sannan ya kwance gyalen wuyansa ya ɗaure mata.

"Zauna nan." Ya juya ga yaransa. "Ku biyu, ku riƙe mata tef. Mota ta jira, ba a kaina za a yi gawa ba."

Da la'asar ta shigo shago, baƙa wuluk. Subir bai ɗago ba.

"Na ba shi mai tauraro tun rana."

Ta ajiye takardar awo da wayarta a kan tebur. A nan ya ga hannun.

"Mene ne wannan? Ƙarƙashinsa kika shiga? Kina da hankali kuwa?"

"Na samu duka, Yaya. Ko ƙusa ban bari ba."

Ya daɗe yana jan hotunan da yatsa, har ya kai inda jirgin ya zama guntaye a bayan mota. Ya ja tsaki, ya laluba takalmansa a ƙarƙashin benci.

"Malalacin mai mazubin nan ba ya taɓa ƙarfe sai ya yi barcin rana, zan same shi in canja masa. Ke kuma asibiti. Amma in abin nan ya ƙi sayuwa, ke za ki yi wa matata bayani."