Robar Waifa Ta Uku

Shekara goma sha tara ina tuƙa Hajiya, ko kaza ban taɓa takawa ba. Sai daminar bana. Cikin wata guda na goga gefen motar da ƙofar gida, na kuma hau dakalin titi ana yayyafi. Babban ɗanta ya kira ni falo, bai ko ce in zauna ba.

Ya ce, "Baba Direba, ina ganin girmanka. Amma uwata ce a bayan motar nan. In aka kuma, aikin ya ƙare."

Na ce laifin waifa ne. Kuma har ga Allah haka na ɗauka. Da ruwa ya sauko sai gilashin gaba ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai, fitilun motocin da ke tahowa su bazu su cika min fuska.

Ni ba na sayen waifa sukutum. Ƙarfen lafiyarsa lau, robar ce ke mutuwa. Akwai wani a bakin layin masu gyara, kowa Mai Roba yake ce masa. Rumfarsa ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, robobi na reto a jikin igiya. Sau biyu ya canza min cikin sati shida. Ranar Talata da hantsi na koma karo na uku, raina a ɓace.

Yana hango ni ya fara dariya. "Kai kuma? Wai cin robar nan kake yi ne?"

"Robarka ce ta banza. Ka ba ni ta kirki ko in canza rumfa."

"Canza mana. Duk layin nan a wurina suke saro ta."

Ya ɗaga hannun waifar, ya shimfiɗa tsumma a kan gilashi don kada ƙarfen ya kuɓuce ya fasa shi. Ya matse bakin robar, ya zare ta daga 'yan faratan da ke riƙe ta, ya bi bakinta da babban yatsa.

"Ba tsagewa, ba taurin rana. Wannan sabuwa ce fil. Kana goge ta kuwa?"

"Kullum da safe, da jiƙaƙƙen tsumma. In na faka a rana ɗaga su nake yi. Ban taɓa kunna ta a busasshen gilashi ba. Kada ka koya min aikina."

Ya ciro wasu siraran ƙarafa biyu daga jikin tsohuwar, ya zura su cikin tsagin sabuwar. Ya gwada tsawo, ya datse da almakashi, ya tura ta cikin faratan ɗaya bayan ɗaya har gefen mai ƙugiya ya kama, ya ce ƙas. Ya wanke gilashin da sabulu, ya kwara masa bokitin ruwa.

"Kunna."

Na kunna. Waifa ta tafi ta dawo, ko ƙara babu.

Na ce, "Ka gani ko? Ga shi nan."

"Ga me?"

"Hazon. Ta hagu."

Ya ce in fito. Ya zauna a kujerata, abin da ba na barin kowa ya yi. Ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa.

"Direba, gilashin nan kamar babu shi."

Ya fito ya kama kafaɗata ya juya ni wajen titi. "Ga allon mai walda can. Akwai lambar waya a jiki. Karanta min."

Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba na sani. Na karanta uku, na tsaya.

"Rufe idon dama."

Na sa tafin hannu na rufe. Allon ya ɓace. Hazon nan da na yi sati shida ina zagin roba a kansa yana nan daram, ga rana ƙwal, ba gilashi a gabana, ba ruwa.

Na sauke hannun da sauri. "Ƙura ce ta shiga."

Ya daina dariya. "Babana haka ya fara. Yanar ido ce. Ana cirewa a asibiti, amma ka je da wuri."

"Ka ga malam, roba na zo saya, ba likita na zo gani ba."

"To ga robarka nan. Ko ta jirgin sama na sa maka, abin da za ka gani ke nan."

Na ce kada in ji zancen nan a bakin kowa. Ya ce shi ba ruwansa, amma ba zai sake canza min wata ba.

Kwana huɗu ba a yi ruwa ba, ni ma na yi gum. Na koyi karkata kai kaɗan don idon dama ya yi aikin biyu. Matata ta tambaye ni ko wuyana ke ciwo, na ce matashi ne.

Ranar Asabar da la'asar, muna dawowa daga gidan ƙanwar Hajiya, ruwa ya tsuge. Kowa ya kunna fitila. Waifa na aikinta tsaf, ni kuwa rabin titin ya zama farin haske. Na rage gudu. Na ƙara ragewa, har na baya suka fara danna min hon.

Sai Hajiya ta ce da ƙarfi, "Mata! Ga mata nan!"

Na taka burki. Wata mata ce da lema, goye da jariri, tana tsallakawa ta hagu. Tsakaninta da motar bai kai taku biyu ba. Ta dube ni, ta wuce. Ban gan ta ba sai da na tsaya.

Na gangara gefen titi na kashe mota.

Hajiya ta ce, "Robar ce kuma?"

Da na ce eh, da ta yarda. Ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, robar lafiyarta lau. Idona ne. Na hagu ya tafi."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata."

"Tun Talata, kake ɗauka ta kana yawo da ni?"

Ruwa na ta dukan rufin mota. Can ta ciro waya ta kira ɗanta, ta ce ya zo ya ja mu. Ba ta faɗa masa dalili ba sai da ya iso. Ya saurara, bai dube ni ba, ya zagaya ya shiga gaba.

A ƙofar gida Hajiya ta ce Litinin za a kai ni asibiti a duba idon. Ɗan ya ce daga gobe direban ofishinsa zai riƙa zuwa. Babu wanda ya ce zuwa yaushe, ni ma ban tambaya ba.

Na tako gida da ƙafa. Matata na tsugune a zaure tana kwashe ruwan da ya shigo. Ta ɗago ta ce, "Yau ka dawo da wuri."

Na ce, "Ajiye bokitin nan, akwai magana."