Idon Inna

Ina shanya zanin gadon Inna a igiyar tsakar gida sai ga ƙanwar Mai Turi ta shigo. Ta rungume jakar yayarta a ƙirji, takalman yayar suna leƙowa daga bakin jakar. Ina ganin takalman nan na saki zanin.

"Ya mai jiki?" na ce, alhali na riga na gani.

Ta girgiza kai. "Ba ta farka daga tiyatar ba, Anti."

Ta buɗe baki za ta fasa kuka, ban san lokacin da na toshe mata baki da jiƙaƙƙen hannuna ba. Tagar ɗakinmu a buɗe take, kuma gadon Inna yana daf da ita.

"Auta!" Inna ta kira ni daga ciki. "Wa ke nan? Idona ce ta dawo?"

"A'a Inna, ƙanwarta ce. Kaya ta zo ɗauka."

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi," na ce. "Tana asibiti, da sauƙi."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na iya tunawa shi nake rubutawa. Gidan haya muke, ni da mahaifiyata, tun rasuwar maigidana. Bango ɗaya ne tsakaninmu da Mai Turi, bangon da ko tari ka yi sai an ce maka sannu daga ɗaya ɓangaren. Sana'arta tura wa mutane fina-finai a waya, shi ya sa sunan ya bi ta. Tana da tsohuwar kwamfuta a kan tebur bakin ƙofa, da wata 'yar fanka da take kunna wa kwamfutar, ita kuma tana gumi. Wayoyin caji sun harɗe a ƙasa kamar saƙar gizo-gizo.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta tura wa kowa fim ɗin da ba ta kalla har ƙarshe ba. Kuma ba abin da ka tambaya take ba ka ba, sai ta kalli fuskarka tukuna.

"Ke da kika yi faɗa da maigida da safe, na soyayya zan ba ki? Ki je ki ƙara tsanar bawan Allah? Ga sabon na dambe, ki huce a kansu."

Mai ciki ba ta samun na fatalwa ko da za ta yi birgima. Idan sababbi suka fito sai ta tsaya a bakin ƙofa tana yanke musu hukunci. Na ɓarayin banki ya yi, amma a kalle shi da rana. Na dariya na wasu masu gadi biyu ya cancanci a maimaita. Na 'yan sama jannati kuwa ɓata caji ne, mutum ɗaya yana lilo cikin duhu har ki yi barci. Akwai wani na zane da ta ce na yara ne, amma ita ya sa kuka.

Ni Farar Kura take kira na, saboda tsoro. Ba na iya kallon fim ban san ƙarshensa ba. Da an fara bin mutum a guje sai in kama hannunta.

"Zai mutu?"

"Ba zai mutu ba, Farar Kura, sakar min hannu." Ko kuma ta ce, "Zai mutu, amma sai can gaba. Je ki sauke tukunyarki ki dawo."

Inna kuwa ciwon suga ne ya tafi da ganinta, ga kuma zuciya. Ranar da aka shigo aka faɗa mata rasuwar ƙaninta kai tsaye, nan take ta yanke jiki ta faɗi, da ƙyar aka ceto ta. Likita ya ja ni gefe ya ce, "Baiwar Allah, zuciyar nan ba za ta ƙara ɗaukar irin wannan ba. Ki tsare ta daga mummunan labari." Tun daga ranar maganar nan take zaune a ƙirjina.

Mai Turi ce ta dawo wa Inna da dariya. Kullum bayan la'asar sai ta shigo da wayarta, ta ja ƙaramar kujera kusa da gado. Sai ta goge fuskar wayar da gefen zaninta, ta jingina ta da kofi, ta juya ta saitin Inna.

"Me kike gogewa? Gani take yi?" na taɓa ce mata.

"Ina ruwanki? Ba a ba babba kallo da datti."

Masu fassara suna faɗin maganar 'yan fim, ita kuma tana faɗa wa Inna abin da ido ke gani. Shi ya sa Inna ke kiran ta Idona.

"Yanzu ya shiga ɗaki, Inna. Kamar naku ne, sai dai su sun share. Ga matar ta fito, kyakkyawa ce, amma ba ta kai ki ba lokacin da kina da haƙora."

"Ja'ira! Ragowar nawa sun fi naki ƙwari."

Abu ɗaya ne muka ƙulla ni da Mai Turi. Tunda ta riga ta kalla, ta san inda mutuwa take. Idan an kusa wurin sai ta sa yatsa ta rage sautin a hankali, ta tura fim ɗin gaba, ta ce, "Suma ya yi, Inna. An kai shi asibiti, da sauƙi." Inna ta ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi." A wurin Inna babu wanda ya taɓa mutuwa a fim.

Ranar da za a kwantar da Mai Turi a asibiti saboda ƙarin da aka gano a cikinta, sai da ta shigo. Sun fara wani sabon fim na masu haƙar ma'adinai. Rami ya rufta da wani saurayi, yayansa yana tono da hannu yana kiran sunansa. Daidai nan ta tsayar.

"Ke, ya fito ko bai fito ba?" in ji Inna.

"Sai na dawo, tsohuwa. Ki ajiye min kujerata."

Na raka ta bakin ƙofar gida. Ta karɓi wayata ta sa min memorinta a ciki. "Idan Inna ta matsa miki, ki kalla ke kaɗai tukuna, ki san inda za ki rage."

Na kama hannunta kamar yadda na saba. "Za ki dawo dai ko?"

Ta yi dariya, amma hannunta da sanyi. "Wannan kam ban kalli ƙarshensa ba, Farar Kura."

To, ranar da labarin ya zo, kafin azahar gidan ya cika. 'Yan uwanta, da matan da take tura wa fim, kowa da kukansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, don Allah a sassauta murya, akwai mai ciwon zuciya a bayan bangon nan. Wata gwaggonta ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, a ina kika taɓa ganin an ɓoye mutuwa a gida ɗaya?"

Na koma ɗaki na rufe taga, na kunna na masu gadin nan, na ƙure sauti. Duk lokacin da kuka ya tashi a can, ni kuma in matso da wayar kusa da kunnen Inna. Suna ta shirmensu a waya, ni ina zaune ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

"Auta, kurma kika mayar da ni? Ido ne fa ba ni da shi."

"Wayar ce ta lalace, Inna."

"Takalman wa nake ji haka da yawa?"

"Baƙin masu ɗakin ƙarshe ne."

Aka fita da gawar maƙwabciyata ban raka ta ko bakin ƙofa ba. Kukana a banɗaki na yi shi, na kunna famfo ya rufe min asiri.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ko cokali ya faɗi sai in zabura. Duk wadda ta leƙo gaishe da Inna sai na tare ta a ƙofa na ja mata kunne. Inna ta ce in kira mata Idonta, na ce likita ya hana ta waya, a kashe take. Ban rufe baki ba wayar Mai Turi ta ɗauki ƙara a bayan bango, wani da bai ji ba yana neman sabon fim. Kiɗan da duk gidan ya sani. Inna ta juya kai wajen bangon, ta saurara har ya katse. Na kai hannu na taɓa wuyanta wai ina gyara mata matashi.

Abinci ma ta rage ci. Rannan ta ture kwanon ta ce, "Ni dai a ƙarasa min na masu ramin nan. Yaron yana ƙarƙashin ƙasa tun yaushe, ba na iya barci."

"Ki bari ta dawo mana."

"Ke ba ki da baki ne?"

Washegari da hantsi, bayan ta sha magani barci ya ɗauke ta, na shiga kicin na zauna a kan bokiti na kunna. Ban taɓa kallon fim ni kaɗai ba, babu mai gaya min ƙarshe. Sau da yawa na kai hannu gefe, sai in kama iska. Yayan ya yi ta tono har farcensa ya cire. Ya samu ƙanin da rai, ya tura shi ta wata 'yar kafa ya fita. Shi kuma yana ƙoƙarin bin baya sai ramin ya sake ruftawa. Na cusa gefen zani a baki. Sannan na mayar da shi baya na lura da wurin sosai: da an nuna fitilar hularsa ta fara lumshewa, nan zan rage.

Bayan la'asar na jingina wayar da kofi. Ban iya zama a kujerarta ba, a ƙasa na zauna.

"Yana tono," na ce.

"Na ji yana tono. Da me? Fuskarsa fa?"

"Da hannu. Fuskar duk ƙasa."

"Kai, Auta, ke dai ba ki iya ba. Da Idona ce da tuni ta gaya min wa ya yi kama da shi a gidan nan."

Muka ci gaba a haka, tana gyara min. Da ƙanin ya fito ta tafa hannu ta ce alhamdulillahi. Fitilar hular ta fara lumshewa. Na ɗora yatsa a gefen wayar.

"Suma ya yi, Inna, an..."

Hannunta ya sauka a kan nawa. Ban san yadda ta gano inda yake ba.

"Bar shi."

"Inna..."

"Na ce bar shi. A cikin rami wa zai kai shi asibiti?"

Na bari. Ƙarar ruftawar ta cika ɗakin, sai ihun ƙanin, sai wani kiɗa mai sanyi. Idanuna suna kan ƙirjinta.

"Duk wanda Idona ta rage wa sauti na san ya tafi," in ji Inna a hankali. "Tun na farko na sani. Na ƙyale ta ne don tana jin daɗin tana tsare ni. Ita ragewa take yi, ke kuma ƙarawa. Sannan kika zo min da maganarta, ko kalma ba ki canja ba. Tana asibiti, da sauƙi."

"Likita ne ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ni ma ke nake ji wa, kina yawo a ɗaki kamar kazar da aka jiƙa. Ina jira ki faɗa da bakinki. Faɗa min, Auta. Ba na son in ji a bango."

Na riƙe hannayenta biyu. Kwalbar maganinta tana kusa da ƙafata, na riga na kwance murfin.

"Ta rasu, Inna. Ba ta farka daga tiyatar ba."

Ta ja numfashi mai tsawo, ya tsaya. Na ƙura wa ƙirjin ido. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba, ni dai na ji kamar an ɗauke duk iskar ɗakin. Sannan ya sauka. Ya sake hawa. Hawaye suka gangaro daga idanun nan da ba sa gani, suka shiga kunnuwanta.

"Allah ya jiƙan Idona," ta ce. "Yi kukanki a nan, ki bar ɓarnar ruwan famfo."

Na kifa kai a cinyarta na yi mai isata, tana shafa min baya, ni kuma kunnena yana sauraron bugun da ke cikinta. Da muka natsu ta ce in ɗaura mata ɗankwali in kama ta. Muka taka a hankali zuwa ƙofar da ke kusa da tamu. Ta yi wa ƙanwar gaisuwa, sannan ta lalubi teburin, ta dafa kwamfutar, ta daɗe a tsaye.

Ƙanwar ta tafi da kwamfutar, wasu ne a ɗakin yanzu. Memorin ta ce in riƙe. Akwai sababbin da Mai Turi ta zuba waɗanda ba mu taɓa ba, na dariya, na bincike, har da na 'yan sama jannatin da ta kushe. Da hantsi nakan shiga kicin in kalla ni kaɗai har ƙarshe. Ba na rage sauti yanzu. Inna ce ma take kama hannuna ta ce, "Zai mutu?" in gaya mata gaskiya.

Bayan la'asar sai in ja ƙaramar kujerar kusa da gado, in zauna a ƙasa gefenta. In goge fuskar wayar da gefen zanina, in jingina ta da kofi, in juya ta saitin Inna.