Notin Gefen Hagu

Ranar da na shigo da motar layinmu, har masu shago sai da suka fito kallo. Tsohuwar motar ɗaukar kayan soja ce mai taya goma, koren fentinta ya koɗe, hancinta zungurere. A gwanjo na saye ta. Ni kayan gona nake sarowa a ƙauyukan bayan rafi, kuma duk damina ƙananan motoci kafewa suke yi a laka, kaya su ruɓe a buhu ina ji ina gani. Aka ce mini wannan ba ruwanta da laka. Tuƙi kam na iya, amma gyara, in ka wuce zuba ruwa a lagireto to ka bar ni a baya.

Matata ta leƙo ta ƙare mata kallo ta ce, "Wannan ai ta girme ka." Ba ta yi ƙarya ba.

Wanda ban zaci zai fito ba shi ne Baba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa irinta a soja, shi ya sa har yau mutanen unguwa Kofur suke ce masa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ya zama mutumin ɗaki, daga gado sai kujerar bakin taga. Sau biyu ya bar buta a kan wuta har ta ƙone. Yaya, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta daɗe tana cewa gigin tsufa ne ya soma kama shi, a mayar da shi gidanta, hawa na uku kusa da asibiti, inda za a riƙa rufe ƙofa ana sa masa ido. Baba ya ce gawarsa ce kaɗai za ta bar ɗakin da matarsa ta cika a ciki. Ni ne nake tsaya masa, ina cewa lafiyarsa ƙalau, kewa ce kawai. Yaya ta ce to ta ji, amma duk ranar da ya yi abin da zai cutar da wani, ba za ta sake neman shawarata ba.

Sai ga Baba a ƙofar gida ba ko sanda. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa wani ƙarfe ya sunsuna yatsansa.

"An bar ta da yunwar giris," in ji shi. "Gobe da safe kada ka tayar da ita sai na duba."

Daga ranar muka shiga farati, wato duba mota da safe irin na soja. Kullum da sassafe Baba zai buɗe wani ɗan famfo a ƙarƙashin tankin iska ya tsiyaye ruwan da ya taru, ya ce ruwan nan shi yake kashe birki. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana buga musu guduma yana saurare. A ƙarshe ya ɗauko sufanar taya, ya zura mata dogon bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi, ya bi notin tayoyin duka, goma sha takwas a kowane gefe. Ya koma cin abinci sosai, har da neman ƙari. Na kira Yaya a waya na ce, "Kin gani ko? Ga majinyacinki can a ƙarƙashin mota yana waƙa."

A kwana na biyar na tsaya a bayansa ina shan shayi. A gefen dama na ga yana juya sufanar dama, yadda kowa ya san ana ɗaure noti. Da ya zagayo gefen hagu, gefen direba, gefen da nake zama, sai na ga ya ɗora sufanar ya danna ta hagu, da dukkan ƙarfinsa, har da cije leɓe. Ko murfin kwalba ka taɓa buɗewa ka san hagu kwancewa ne. Ya bi goma sha takwas ɗin nan haka, ya miƙe yana share gumi, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Me zan ce? Uban da ya haife ni, wanda bai yi mako da dawowa cikin mutane ba? Na ja motar a hankali har bayan gidan mai, inda ba mai ganina daga layinmu, na sauka na ɗauko sufanar. Na gefen dama ko motsi ba su yi ba. Na gefen hagu kuwa, da na hau bututun da ƙafa na danna dama, sai na ji ƙas, noti ya juya. Na ce shi ke nan, a kwance suke. Na bi su duka na ƙara wa kowanne rabin juyi, na tafi ƙauye.

Washegari Baba ya daɗe a gefen hagu. Ya kira ni da hannu, ya rage murya.

"Wani yana taɓa motar nan."

"Wa kuma, Baba?"

"Jiya na ɗaure notin nan da hannuna. Yau ga su a sake. Ba su kwance kansu ba."

Na dubi fuskarsa da kyau. Ba alamar wasa, ba alamar ya san abin da ya yi. Ya ɗora sufana ya sake danna su hagu a gabana. Ni kuma na sake tsayawa a bayan gidan mai.

Haka muka yi ta yi, shi da safe, ni bayan minti goma. Gidan ya cika da zargi. Baba ya samo alli ya ja layi a kan kowane noti, washegari ya ga layukan sun goce, ya nuna mini kamar ya kama ɓarawo. Da yamma ya share ƙasar da ke kewaye da motar tas don ya ga sawun duk wanda ya zo. Ya hana yara wasan ƙwallo a wajen. Ya tambaye ni ko akwai wanda muka yi takara da shi a gwanjon, ko na taɓa saɓawa da wani a kasuwa.

Ni ma fa ba a bar ni a baya ba. Na koma kallonsa a wajen cin abinci, ina lura da yadda yake riƙe cokali. Na riƙa jefa masa tambayoyi a fakaice, yau wace rana ce, nawa ne shekarun autata. Ya amsa daidai, sannan ya ce, "Kai kuma yaushe ka zama likita?" Akwai ranar da wani mugun tunani ya zo mini, na ce me ya sa gefena kaɗai? Ko haushina yake ji a ransa? Na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba. Na gaya wa matata, ta laɓe a bayan labule ta gani da idonta, ta riƙe baki. Yaya kaɗai na ɓoye wa, don na san abin da zai biyo baya.

Ranar da muka cika kwana goma sha ɗaya muna haka, asiri ya tonu. Akwai mai faci a bakin layinmu, mutum mai son surutu, wanda tun zuwan motar yake zagayowa yana yaba tayoyinta. Da yamma na dawo na ajiye mota na shiga wanka, sai na ji ihu. Na fito da sabulu a kunne na tarar Baba ya shaƙe wuyan rigar mai faci, ɗaya hannun riƙe da guduma, yana cewa, "Kai ne! Ɗana kake so ka kashe don a kawo maka aiki!" Bawan Allah tsugunawa kawai ya yi yana karanta lambar taya. Da ƙyar aka ɓamɓare shi, rigarsa ta yage har cibiya. Kafin magariba labari ya kai wa Yaya.

Ta zo da kayan aikinta a jiki. Muka zauna a ɗakin Baba, ni da ita da matata. Baba yana ta bayani a kan alli da sawun ƙafa, Yaya tana gyaɗa kai irin yadda take yi wa marasa lafiya. Raina ya ɓaci, kunyar abin da aka yi a layi ta taru da tsoron kwana goma sha ɗaya, na kasa riƙe bakina.

"Baba, ba wanda yake taɓa motar nan. Kai ne kake kwance notin. Kullum da safe, a gabana. Ni nake bi ina ɗaurewa."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. "Ni?"

"Wallahi, Baba, ni ma na gani," in ji matata, tana hawaye.

"Kawo sufanar," ya ce, yana ƙoƙarin tashi. "Mu je in ga wane gefe kake..."

"Don Allah, Baba, ya isa! Yau guduma ka ɗaga wa mutum. Ba za ka sake taɓa motar nan ba."

Ya koma ya zauna. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya daɗe yana kallonsu, ciki da baya. Da Yaya ta fara haɗa masa kaya a jaka, bai yi gardama ba. Ya tambaya ko zai iya tafiya da matashin mahaifiyarmu, ta ce e.

Da safe ni na yi faratin da kaina. Na tarar notin hagu har yanzu suna juyawa, na ce ɓarnar tsoho ce ba ta gama gyaruwa ba, na ƙara musu. Washegari ma haka, har na ji daɗin yadda suke tafiya ba wuya. A hanyar dawowa, da buhu sittin a baya, na fara jin ƙwal-ƙwal a ƙarƙashin kujerata, sitiyari yana fizgar hannuna. Na sauka na duba. Tayar gaba ta karkace, noti biyu babu su, sauran huɗun da yatsa ma sai su juya. Na yi awa biyu ina rarrafawa da motar a giya ta ɗaya kafin na iso bakin layi, ba yadda na iya, na tsaya a gaban mai faci.

Bai gaishe ni ba. Ya kafa jak, ya kama noti ɗaya da yatsu ya murza dama, sai ga noti ya faɗo a tafin hannunsa. Ya tsaya. Ya mayar, ya murza hagu, noti ya shige ciki sumul. Ya zaro wuƙa ya kankare fentin da ke kan ƙarfen da notin yake hawa, sai ga harafin L a buge, alamar hagu a Turance.

"Tabɗi," in ji shi. "Na taɓa jin labarin irin wannan, ban taɓa gani ba. Tsofaffin motocin nan, notin gefen hagu da hagu ake ɗaure su, don kada juyin taya ya kwance su." Ya ɗago ya dube ni. "Wa yake ɗaure maka tayar nan?"

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Kwana goma sha ɗaya ina kwance tayar motata da ƙafata, ina ɗaukar kaya ina hawa tudu ina gangarawa, tsoho yana bina kullum da safe yana ɗaurewa.

Ko wanke hannu ban yi ba. Na roƙi mai faci ya ciro mini ƙarfen guda da notinsa, na hau babur zuwa gidan Yaya, na haye benen nan ina haki. Ta buɗe mini ƙofa da mukulli. Baba yana zaune a ɗan ƙaramin ɗaki, an yi masa aski, an sa masa riga mai tsabta, ga robar magani a gefensa mai gida bakwai. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, bayan gidan mai, rabin juyi, harafin da fenti ya rufe. Na ce ni ne, Baba, ni ne nake kwancewa, kai ne kake da gaskiya tun farko, ka tashi mu tafi gida.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya dubi Yaya a bakin ƙofa, ya dawo da idonsa kaina.

"Ita ta ce ka gaya mini haka?"

"Wallahi ba wanda ya sa ni. Ga shi, riƙe ka gani." Na miƙa masa ƙarfen da notin. "Ɗaure da hannunka, Baba. Kai ka san su."

Ya janye hannuwansa ya tura su ƙarƙashin cinyarsa.

"Kada ka ba ni. Ban san abin da hannuwan nan za su yi ba." Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi mini ina yaro in na yi masa ƙaryar da ya gane. "Allah ya yi maka albarka, na san don ka faranta mini ne. Amma ku biyu kuka gani, kuma na yi ta tunani kwana biyun nan, ban iya tuna wane gefe na juya ba. Yayarka ta yi gaskiya, nan ɗin ya fi."

"Baba..."

"In ka koma, ka bi ta wajen mai faci ka ba shi haƙuri," ya ce. "Ka saya masa riga. Ka ce masa tsufa ne."