Ranar da Goggo ta Tsayar da Jiragenta

Shekara talatin ta yi a ɗakin ba jiragen ƙasa hannu kafin ta yi ritaya ta koma makaranta koyon kasuwanci. 'Yan aji suka sa mata Goggo, har malaminsu Dakta ya kama.

Jarrabawar Dakta wani tsohon wasan kwamfuta ce. Kowa a ba shi kamfanin jirgin ƙasa, ya shimfiɗa layi, ya saya ya sayar da hannun jari, shi ma Dakta yana ciki. Wanda aka ƙwace wa kamfani ya faɗi, sai baɗi. Ita kuwa gwiwoyinta ba za su ƙara shekara suna hawa benen makarantar nan ba.

Dakta ya sha faɗa musu cewa layi ado ne, mai hankali hannun jari yake bi. Goggo dai ta dinga gina tasha, tana ajiye tankin ruwa inda ya dace. Kamfaninta ya yi ƙiba, Dakta ya fara sayen hannun jarinsa kaɗan-kaɗan.

Dogo, maƙwabcin kujerarta, ya leƙo allonta ya raɗa mata cewa saura ƙiris a yi waje da ita, gara ta sayar da layin ƙauyuka ta fanshi kanta.

"Ɗan nan, zauna da kyau ka gani."

Ta bi jiragenta goma sha ɗaya ta tsayar da su. Wanne za a tsayar a ina don kada ya tare wa wani hanya, wannan ko cikin barci ta sani. Gawayi ya taru a tashoshi, riba ta ƙafe, farashin hannun jarin kamfaninta ya gangaro. Dakta ya gyara tabarau, ya daure, ya ƙara daurewa, sannan ya zubar da abin da ya saya. Goggo ta kwashe a arha, ta saki jiragen.

Dakta ya taso har kujerarta, ya ce wannan maguɗi ne, babu shugaban kirki da zai durƙusar da kamfaninsa da gangan.

"Wanda ya saya don ya kore ni fa, shi ne na kirkin? Nuna mini inda aka hana, Dakta."

Ya buɗa takardar dokokin, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Can ya ce ta ci, amma da ƙyar.

Goggo ta ce ya rubuta sakamakon da biro, tana kallo.